Tsofaffin Jiragen Yaƙi Da Har Yanzu Su Ke Tashi

Ga mu kuma a filinmu na kimiyya.

Makon nan mun sami takarda daga wani bakanike, mutumin Kano, wanda ke aiki a wani gareji cikin unguwar masana'antu ta birnin Doha, a ƙasar Katar. Ya ce ya ga hoton wani jirgin sama mai jefa bom, na zamanin Yaƙin Hitila, yana tafiya a sararin sama, aka kuwa tabbatar masa ba tsohon hoto ba ne. Shi ko motar da ta shekara ashirin aka kawo masa, sai ya yi da gaske kafin ta tashi. Saboda haka ya ke tambaya, ta yaya jirgin da ya shekara tamanin zai ɗauki mutane ya yi sama da su? Ko dai sabo aka ƙera, aka shafa masa fentin tsoho?

To, malam, madalla da wannan tambaya. Gaskiya ne akwai irin waɗannan jirage, ko da ya ke ba su da yawa. Tun da ya ke kai Bakano ne, bari mu fara daga gida, domin ɗaya daga cikinsu 'yan'uwansa sun sha kwana a Kano.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano masu jefa bom ne. Su uku ne, na mayaƙan sama na Ingila, ƙirar katako da zane, suka taso daga Halwan kusa da Alƙahira, suka sauka a filin wasan dawaki na Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Shugaban tafiyar wani hafsa ne, sunansa Arthur Coningham. A lokacin ba wanda ya san amfanin da wannan hanya za ta yi nan gaba.

Bayan shekara goma sha biyar sai amfaninta ya bayyana. Cikin Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Jamus. Ingilishi suna da mayaƙa a Masar masu bukatar jiragen sama, amma ratsa Bahar Rum ya zama sayar da rai, zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu kuwa tafiyar watanni ce. Sai aka yi dabara. A kan ɗauko jiragen a kwance cikin manyan akwatuna, a sauke su a Takoradi, bakin teku a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Nan a ke harhaɗa su, sa'an nan su tashi zango zango: Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ta zama Njamena, Janaina, Fashir, Hartum, su bi kogin Nilu har Masar. Tafiyar ta fi mil 3,500, ta kan ci kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi cikin Satumba 1940, kafin ƙarshen 1943 kuwa jiragen da suka bi hanyan nan sun wuce 5,000. Da yawansu hannun Coningham ɗin nan suka je, domin daga 1941 shi ne shugaban mayaƙan sama na hamadar Masar da Libiya.

Da gangan muka ce ayari. Kamar yadda fataken Gwanja ba su tashi sai da madugu da jagaba, hakanan waɗannan jirage. Ƙananan jiragen farauta, irin su Hurricane, mutum ɗaya kaɗai su ke ɗauka, ba shi da halin tuƙi da lissafin hanya gaba ɗaya cikin hazon hunturu ko hadarin damina. Saboda haka sai a sa musu jagaba, watau wani jirgi mai jefa bom, mai inji biyu, wanda a ke kira Blenheim. Shi yana ɗauke da matuƙi, da mai lissafin hanya, da mai buga waya. Yana gaba, su biyar ko shida suna biye. Dattawan da suka yi wayo zamanin Sarki Abdullahi Bayero sun sha ganin wannan jeri yana saukowa.

An ƙera Blenheim fiye da 4,000. Yau guda ɗaya tak ya rage mai tashi a duniya duka, yana filin jiragen sama na Duxford, kusa da Kambirij a Ingila. Kada mu ruɗe ku, shi wannan bai taɓa zuwa Kano ba. Gangar jikinsa a Kanada aka ƙera ta lokacin yaƙi. Da aka gama yaƙi sai aka yi gwanjon irinsa, manoma suka saya da araha domin su ciri tayoyi da bututu da waya, suka bar sauran a bayan gona ruwa da ƙanƙara suna duka. Daga irin waɗannan kangaye aka kai biyu Ingila.

Na farko an shekara goma sha biyu ana gyaransa. Ya tashi cikin Mayu 1987, bai cika wata guda sosai ba ya faɗi ya ragargaje, Allah ya kiyaye ba wanda ya mutu. Masu aikin ba su karaya ba, suka ɗauko na biyu, ya tashi cikin 1993. Ya yi shekara goma yana yawo, sa'an nan cikin Agusta 2003 ya faɗi wajen sauka a Duxford. Suka sake komawa kansa, wata shekara goma sha ɗaya, ya tashi ran 20 ga Nuwamba 2014. A wannan gyara na uku an sa masa goshin wani Blenheim dabam, ƙirar Ingila, mai labari na ban dariya. Bayan yaƙi wani ma'aikacin kamfanin Bristol, masu ƙera jirgin, ya sayi goshin, ya ɗora shi a kan ƙashin wata ƙaramar mota, ya mai da shi mota mai aiki da batir, ya yi shekaru yana hawa. Da ba domin wannan mota ba, da tuni an narkar da shi.

Me ya ke cin shekaru haka wajen gyara? Abokan gaban tsohon jirgi uku ne, sai mu ɗauke su ɗaya ɗaya.

Na farko tsatsa. Yawancin jikin jirgi an yi shi da alminiyam, watau sanholo irin na tukwane, wanda aka gauraya da jan ƙarfe kaɗan domin ya yi ƙwari. Tsatsarsa ba ja ba ce, fara ce kamar gari, wani lokaci kuma ta kan shiga ciki ta ɗaga ƙarfen falle falle kamar littafin da ya sha ruwa. Inda ta fi ɓarna shi ne wurin da ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali ƙusar baƙin ƙarfe cikin sanholo. In laima mai gishiri ta shiga tsakaninsu sai wurin ya zama kamar ɗan ƙaramin batir, lantarki yana gudana, sanholon yana zagwanyewa. Mai tambayarmu ya san wannan, domin Doha tana bakin teku, iskarta da laima da gishiri. Amma inda ba laima, ƙarfe ya kan daɗe ƙwarai. Wani jirgin Amurka mai jefa bom ya ɓace a hamadar Libiya cikin Afrilu 1943, ba a gan shi ba sai 1958, da aka gwada rediyonsa kuwa sai ta yi aiki. Hakanan manyan jiragen nan na Amurka da a ke kira B-29. An ƙera kusan 4,000, biyu kaɗai ke tashi yanzu, su biyun kuma daga wuri guda aka tsamo su, wani filin gwajin makamai cikin hamadar Kaliforniya. An fitar da na farko cikin 1971. Na biyun ya shekara arba'in da wani abu a rana, aka kai shi garin Wichita inda aka ƙera shi tun asali, aka shekara goma sha shida ana aikinsa, ya tashi cikin Yuli 2016. Bushewar hamada ce ta tsare su.

Abokin gaba na biyu ya fi tsatsa mugunta, domin ba ya nuna kansa. Masana suna kiransa gajiyar ƙarfe. Ɗauki 'yar waya ka lanƙwasa ta sau ɗaya, ba abin da zai same ta. Yi ta lanƙwasawa gaba da baya, can sai ta karye, alhali ba ka ƙara ƙarfi ba. Haka fiffiken jirgi ya ke. In jirgi yana ƙasa, fukafukan suna rinjaya ƙasa saboda nauyin injuna da mai. In ya tashi, su ke ɗauke da jirgin duka, sai su lanƙwashe sama. Kowace guguwa, kowace sauka, lanƙwasa ce guda. A kwana a tashi sai wata 'yar tsaga, wadda ba ta kai silin gashi ba, ta fara daga bakin ramin ƙusa, tana ci kaɗan kaɗan, har ran da ƙarfen da ya rage ba zai iya ɗaukar nauyin ba. Ba a gane girman wannan haɗari sosai ba sai cikin 1954, sa'ad da jiragen fasinja biyu na Ingila masu suna Comet suka tarwatse a sama. Masu bincike suka sa wani irinsu cikin ƙaton tankin ruwa, suka yi ta matsa shi suna saki har ya tsage, sa'an nan aka ga inda cutar ta ke.

Saboda haka tsufan jirgi ba da shekaru kaɗai a ke ƙidaya shi ba. Da awoyin da ya yi a sama a ke ƙidayawa, da yawan tashi da sauka. Kowane jirgi yana da littafinsa inda a ke rubuta waɗannan, da kowane gyara da aka yi masa, da sa hannun wanda ya yi. Ga kuma wani abu: masu ƙera jiragen yaƙi ba su yi su domin su daɗe ba, domin sun san yawancinsu ba za su wuce 'yan watanni ba za a harbo su.

Cikin kowane fiffike akwai wani dogon ƙarfe wanda shi ne ƙashinsa, kamar azara a rufin soro. Soro ya kan yi kyau daga waje alhali gara ta cinye azara, to, haka nan ma. Misalinmu a nan shi ne Lancaster, babban jirgin Ingila mai inji huɗu, mai ɗaukar mutum bakwai. An ƙera 7,377, biyu suka rage masu tashi, ɗaya a Hamilton ta Kanada, ɗaya a hannun mayaƙan sama na Ingila a Coningsby. Na Ingilan an gama shi cikin 1945, bai sami zuwa yaƙi ba, sai aka aiko shi Afirka yana ɗaukar hoton ƙasa daga sama domin zanen taswira. Wajen 1995 aka kwance fukafukansa aka sa masa sabon ƙashi. Har yanzu akwai iyakar awoyin da a ke bari ya yi a shekara, kuma bayan 'yan shekaru a kan kai shi babban gyara, ya yi watanni a kwance. Cikin Agusta 2014 na Kanadan ya ƙetare teku ya zo Ingila, su biyun suka tashi tare, abin da aka yi shekara hamsin ba a gani ba.

Yaya a ke ganin tsagar da ido ba ya gani? Ka san mai sayen tukunyar ƙasa ya kan ƙwanƙwasa ta, in ta yi amo garau lafiyayya ce, in ta yi ɓas ta tsage. Masana suna da na'ura mai aika sauti cikin ƙarfe, sautin da kunne ba ya ji, ta saurari yadda ya ke komowa. Suna da wata mai aiki da lantarki, wadda allurarta kan motsa in ta bi ta kan tsaga. Su kan ɗauki hoton ƙarfe da irin hasken da a ke ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Akwai kuma dabara mai sauƙi: a shafa wani jan rini mai ruwa ruwa, a jira, a goge, a fesa farin gari. In akwai tsaga, rinin da ya ɓuya a ciki sai ya fito ya ja jan layi.

Abokin gaba na uku shi ne rashin kayan gyara, musamman na inji. Injin Blenheim ba a jere silindojinsa su ke kamar na mota ba. Guda tara ne a kewaye, kamar ƙafafun keke, iska ce ke sanyaya su, ba ruwa ba. Wannan ƙira tana da wata al'ada da ya kamata kowane bakanike ya sani. In jirgi ya kwana, baƙin mai ya kan tsiyaye ya taru cikin silindojin ƙasa. Iska tana matsuwa, amma mai ba ya matsuwa, in aka tayar da inji haka sai sandar fistan ta lanƙwashe. Saboda haka kafin a kunna sai an juya farfela a hankali, wuta a kashe, a tabbata ba inda ta cije. Har wa yau kowace silinda fulogi biyu gare ta, kowane da mai ba shi wuta dabam, domin in ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe. Kamfanonin da suka yi waɗannan injuna sun daina tuntuni. Abin da ya lalace sai a nema cikin tsofaffin kayan soja, ko a ɗauko zanen asali a ƙera sabo da hannu. B-29 ɗin nan na farko ya zauna ƙasa daga 2006 zuwa 2010, har aka harhaɗa masa injuna daga sassan wasu injuna iri biyu na baya.

Yanzu mun iso ga tambayar malamin: sabo ne ko tsoho? Amsa ita ce duka biyu. Gatarin da mutum ya gada wurin kakansa, an sake masa ƙota sau uku, maƙeri ya yi wa ruwansa ƙari, amma a gidan ba mai kiransa sai gatarin kaka. A jikin jiragen nan akwai ƙarfen da ya ga zamanin yaƙi, akwai wanda aka yanka bara. Wayoyin lantarki, da bututun mai, da tayoyi, da rediyo, galibi sababbi ne. Abin da ba a sakewa shi ne ƙira da awo, hukuma kuwa ba ta ba da takardar izinin tashi sai ta ga an bi su daidai.

Amma akwai abin da ya fi ƙarfe saurin ƙarewa, shi ne mutanen da suka san aikin. Ga misali. Ingilishi suna da wani jirgi mai jefa bom na bayan yaƙi, mai suna Vulcan. Jama'a suka tara kuɗi mai yawa aka gyara guda, ya tashi cikin Oktoba 2007, ya yi shekara takwas yana ƙayatar da mutane. Cikin Oktoba 2015 ya sauka saukar ƙarshe, alhali lafiyarsa lau. Dalili shi ne kamfanoni uku da ke tsaya masa wajen hukuma sun janye. Jirgin ya riga ya fi kowane ɗan'uwansa daɗewa a sama, ba wanda zai iya cewa ga inda zai fara tsagewa, injiniyoyin da suka san shi ciki da waje kuma sun tsufa sun bar aiki. Shi ya sa a wuraren gyaran nan za ka tarar da tsoho da yaro a kan fiffike ɗaya, wannan yana riƙe da guduma, wancan yana kallon hannunsa.

Kada kuma a ɗauka abin wasa ne. Ran 2 ga Oktoba 2019 wani jirgin Amurka ƙirar B-17 ya faɗi a jihar Connecticut jim kaɗan bayan tashi, mutum bakwai suka mutu cikin goma sha uku. Masu bincike suka ce matuƙin ya yi kuskure wajen komowa da shi bayan inji ɗaya ya mutu, suka kuma tarar ba a kula da fulogogi da masu ba su wuta yadda ya kamata ba. Cikin Nuwamba 2022 wani B-17 ya yi karo da ƙaramin jirgi a wajen wasan jirage a Dallas, mutum shida suka mutu. Saboda irin wannan ne waɗansu masana ke cewa abin da ya rage guda ɗaya a duniya bai kamata a yi caca da shi ba, a ajiye shi a gidan tarihi. Waɗansu kuwa suna cewa jirgin da ba ya tashi gawa ce, ba a jin ƙararsa, ba kuma wanda zai koyi aikinsa. Kowane ɓangare yana da hujja, gardamar ba ta ƙare ba.

Ya kamata mu tuna kuma aikin da aka yi jiragen nan dominsa. Irin B-29 ne ya jefa bom ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki cikin Agusta 1945. Irin Lancaster ne suka ƙone Hambug da Dresden, mata da yara suka hallaka dubbai. Su kansu samarin da ke cikin jiragen Ingila masu jefa bom, fiye da 55,000 ba su komo gida ba. Mai kallon ɗayansu yana wucewa yau, in ya yi mamakin gwanintar maƙera, ya kyautu ya tuna da waɗanda ke ƙasa sa'ad da aka buɗe cikinsa.

To, malam bakanike, ga amsarka. Jirgin da ka gani na gaske ne. Abin da ya riƙe shi a sama shi ne abin da kai ma ka sani a garejinka: a raba ƙarfe da laima, a duba kafin ya karye, a rubuta abin da aka yi, a kuma koya wa yaro. Bambancin kawai, in motarka ta mutu sai a tura ta gefen hanya, shi kuwa jirgi ba shi da gefen hanya. Muna gaishe ka, da sauran kanikawa 'yan'uwanmu da ke neman halali a Doha.

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya a kan wani abu na kimiyya, sai ya rubuto mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.